Neman akanta daga Alabar zuwa Adum

Shagonmu yana Alabar, dab da babbar kasuwar Kumasi. Shinkafa, sukari, man girki da tumatirin gwangwani muke sayarwa a kan sari, tun zamanin marigayi Baba. Shi Baba, Allah ya jiƙansa, lissafinsa rabi a ka yake, rabi a wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta bashi a ciki da ajami. Haraji kuwa bai taɓa gudu ba. In an kawo takarda ya biya abin da aka yanka masa, ya ninke rasit ya jefa cikin wani tsohon gwangwanin Milo. Da shagon ya dawo hannuna a kan wannan turbar na ɗora.

A farkon 2024 wani kamfani mai dafa wa ma'aikatan wani wurin haƙar zinariya abinci ya nemi in riƙa kai masa shinkafa da mai duk wata. Farashi bai ba mu wahala ba, nan da nan muka daidaita. Sai jami'in sayayyarsu ya miƙo mini jerin abin da zan kawo kafin a sa sunana cikin masu kawo musu kaya: shaidar rajistar kasuwanci, shaidar rajistar VAT (harajin da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa), takardar hukumar haraji ta GRA mai nuna ba a bina bashi, da bayanin lissafin shago na shekara biyu wanda akanta ya tsara. Ta farkon ce kawai a hannuna.

Da na kai maganar majalisarmu ta bayan isha'i a Aboabo, kowa ya san wani. Wannan yana da ɗan'uwa a ofis, wancan ya san mai fito da takarda a kwana ɗaya. Yayana da ke Amurka ya ce a waya in nemi CPA, don su can haka ake kiran akanta mai lasisi. Daga ƙarshe wani abokin ciniki ya haɗa ni da mutumin da ya ce shi ne ke yi wa rabin layinsu.

Ba shi da ofis. A wani wurin sayar da abinci muka haɗu, jakarsa a cinya, wayoyi biyu a kan tebur. Mutum ne mai fara'a, ya gaishe ni har da tambayar iyali. Na fara ba shi labarin shago, bai bari na yi nisa ba.

"Alhaji, kada ka wahalar da kanka. Kai dai faɗa mini nawa kake so a rubuta ka sayar a shekara. Sauran aikina ne."

Na ce masa ai ni ma ban san adadin ba, abin da ya kawo ni ke nan. Ya yi dariya ya ce ba wanda ya sani, kowa rubutawa yake yi. Ya zuge jaka ya nuna mini hatimi da wasu takardun da ya yi wa wasu, sunayensu da lambobinsu a fili. Sannan ya ce kuɗin aikinsa da kuɗin harajin duka in haɗa in tura masa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, shi zai shiga ya biya.

Har muka rabu bai tambaye ni me nake sayarwa ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Ga kuma takardun mutane da ya baje mini, na san gobe tawa ce zai baje wa wani. Da na faɗa wa Kawu, ƙanen Baba, wanda har yanzu yake zama a bakin shago da safe, sai ya ce, "Ɗana, sunan wa za a sa a takardar, naka ko nasa?" Na ce nawa. Ya ce to shi ke nan.

Ba na ganin laifin mutanenmu da ke zuwa wurin irin waɗannan. Da yawa cikin manyan 'yan kasuwar Zango makarantar allo suka yi, ofis da Turancinsa na ba su tsoro, kuma an daɗe ana gaya musu cewa duk wanda ya buɗe littafinsa ya buɗe wa gwamnati ƙofar cin dukiyarsa. Dillalin takardu da wannan tsoron yake cin abinci. Amma ranar da aka zo bincike, shi ya canza lambar waya, mai shago ne zai tsaya ya amsa lissafin da bai san ko daga ina aka samo shi ba. Na san mutanen kirki da hakan ta faɗa wa, kuma abin yana yi mini ciwo.

Wanda ya nuna mini hanya yaro ne, ɗan maƙwabcinmu, da ya karanta lissafin kuɗi a jami'ar fasaha ta Kumasi. Na ce masa ya zo ya yi mini aikin in biya shi. Ya ce, "Baba, littafi zan iya tsara maka, amma sa hannu ba ni da iko. Ban gama jarrabawar ICAG ba." Shi ya bayyana mini cewa a Gana hukumar ICAG ce ke da hurumin cewa wane akanta ne, an kafa ta tun 1963, kuma a 2020 aka yi mata sabuwar doka. Cin jarrabawarta daban, samun izinin buɗe ofis a yi wa jama'a aiki daban, kuma izinin duk shekara ake sabunta shi. Akwai kuma wata hukumar ta masana haraji zalla, CITG. Ya ciro waya ya buɗe shafin ICAG, ya nuna mini jerin mambobin da ba su da matsala da jerin ofisoshin da aka ba lasisi a wannan shekarar. Muka nemi sunan da na gani a hatimin mutumin nan. Babu shi.

Daga wannan jerin muka tsamo na Kumasi. Na shiga wani babban ofis a Adum, suka karɓe ni da mutunci, amma kuɗinsu na manyan kamfanoni ne, su da kansu suka ce aikina bai kai ya ci wannan kuɗin ba. Wani kuma shi kaɗai ne a ofishinsa, aiki ya yi masa yawa, ya ce sai bayan Afrilu.

Wadda na tsaya a wurinta, sunan ofishinta na cikin jerin, kuma da na tambaya sai na tarar wani dattijo mai sayar da kayan gini da nake girmamawa ita ke riƙe masa lissafi shekara da shekaru. Abu biyun nan na haɗa: hukuma ta san ta, wanda na yarda da shi ma ya san aikinta. 'Yar Zango ce, haifaffiyar Asawase, don haka da Hausa muka yi magana tun daga sallama. Ofishin ɗaki biyu ne a saman bene, ita da ma'aikata uku. Ban kai ga tambaya ba ta nuna mini takardun da ke bango ta ce in matsa in duba shekarar da ke jiki. Lambarta ta fara da ICAG/P, ta ofishin kuma da ICAG/F sannan shekara. Ta ce duk takardar da ta sa wa hannu waɗannan lambobin za su fito a ƙasa, kowa na iya bin sawunsu.

Daga nan tambaya ta koma kaina. Wa nake saro kaya a wurinsa, yana ba ni takardar VAT ko ba ya bayarwa? Kashi nawa na cinikin bashi ne? Yara nawa ke aiki, wa ake biya a wata, wa ake biya a yini? Shagon haya ne? Asusun banki da sunan wa yake? Layin MoMo da ake karɓar kuɗin ciniki, shi ne nake tura wa iyali kuɗin cefane da shi? Na ce shi ne. Ta rubuta, ba ta ce komai ba.

Abu na farko da ta yi shi ne rage wa kanta kuɗi. Na zo da tunanin sai an yi mini cikakken binciken odita. Ta duba takardar rajistata ta ce, "Alhaji, kai ba kamfani ba ne, sunan kasuwanci ka yi wa rajista, kai kaɗai ne mai shi. Dokar kamfanoni ta 2019 kamfani ta wajabta wa odita. Abin da waɗannan mutanen ke nema bayanin lissafi ne, shi zan tsara maka, kuma ya fi sauƙin kuɗi." Sannan ta ba ni yarjejeniya a rubuce, shafi biyu: abin da za ta yi, abin da ni zan riƙa kawowa, kuɗin gyaran shekarun baya, kuɗin kowane wata. Ta ce in tafi da ita gida a karanta mini a tsanake. Wani sharaɗi ta ja masa layi da biro: kuɗin haraji ba ya bi ta hannunta. Za ta fitar da lissafi a shafin GRA, ni zan biya da kaina ta Ghana.gov ko a banki, rasit ya fito da sunana. Lambar wayar da ke kan asusun harajin ma tawa ce za a sa. Lambar haraji kuwa ba sai na nemi sabuwa ba, tun Afrilun 2021 lambar katin Ghana Card ita ce lambar harajin mutum.

Sai aikin tono. Na kai mata gwangwanin Milo, takardun banki, bayanin MoMo da muka nema daga MTN, takardun sari da suka cika leda biyu, da littafin Baba. Littafin ta buɗe ta juya shi ta ce ita ajaminta bai wuce na sunanta ba. Haka na riƙa zuwa bayan la'asar ina karantawa, wata ma'aikaciyarta na shigarwa a kwamfuta. Baba ba ya rubuta cikakken suna. Zai sa "mai koko ta bakin masallaci, buhu biyu", ko "ɗan Bawku, saura rabi". In an biya ya ja layi ya sa ɗigo uku a gefe. Wasu na san su, wasu sai na koma na tambayi Kawu. Akwai waɗanda suka rasu, akwai waɗanda Baba ya yafe wa tun yana raye bai goge ba. Akantar, wadda muke kira Hajiya, ta ce a raba su: bashin da ake sa ran zai dawo, da wanda ya mutu. Ban taɓa zama na ga jimillar abin da ke hannun mutane a wuri ɗaya ba sai ranar. Ya kusa kai kuɗin kayan da ke cikin sito.

A bayan littafin ne ta sami abin da ta fi murna da shi. Duk shekara kafin azumi Baba yakan rufe shago yini guda a ƙirga kaya kaf, buhu-buhu, katan-katan, don fitar da zakka, ni ma ban daina ba. Ta ce yawancin masu shago da ke zuwa wurinta ba su da ƙidayar kaya ko ta shekara ɗaya, ga ni da ta shekaru a jere. Da ita ta kafa lissafin. Sai dai ta ce daga yanzu ƙidaya biyu zan riƙa yi, ta zakka a lokacinta, ta haraji a ƙarshen Disamba. Na tambaye ta ko zakkar da nake fitarwa za a cire ta daga ribar da za a yi wa haraji. Ta ce a'a, kyautar da doka ta yarda a cire ita ce wadda aka ba ƙungiya ko aikin da GRA ta amince da shi. Zakka tsakanina da Ubangijina ce, daga rabona za ta fita.

Wurin da muka fi daɗewa shi ne raba aljihun gida da na shago. A wurinmu aljihu ɗaya ne. Kuɗin makarantar yara, gudummawar suna da biki, sadakar uku da ta arba'in, maganin Inna, buhun shinkafar da ake kai wa gida duk wata, duka daga cikin cinikin yini suke fita, ba wanda ke rubutawa. Hajiya ta ce in buɗe layin MoMo na shago shi kaɗai, in yanka wa kaina abin da zan riƙa ɗauka a wata, duk abin da ya fita bayan wannan a rubuta shi da sunana. Kawu ya ji wannan bai ji daɗi ba. Ranar da ta zo ganin sito ya tare ta.

"Hajiya, yanzu shinkafar da uwarsa za ta ci ma sai an rubuta?"

Ta russuna ta gaishe shi tukuna. Ta ce, "Baba, ba hana shi zan yi ba, ya kai mata goma in ya so. Amma in ba a rubuta ba, ranar da aka ƙirga aka ga buhu ya ɓace, yaran shago za a zarga." Kawu ya yi shiru, don ya san an taɓa sallamar wani yaro a kan irin wannan tun zamanin Baba. Tun daga ranar shi ke tuna mini in na manta.

Da lissafi ya haɗu sai ga abin da ya fito. Cinikinmu na shekara ya wuce sidi 200,000 nesa ba kusa ba, wanda a lokacin shi ne iyakar da in mai sayar da kaya ya haura dole ya yi rajistar VAT. Ta zaunar da ni ta faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba cewa akwai abin da zan biya na baya. Ta ce doka ta bar ƙofa ga wanda ya kai kansa kafin a zo masa bincike, ana iya ɗage masa tara, kuma ana iya roƙon a raba biya kashi-kashi. Tare muka je ofishin GRA da fayil ɗinmu yake, ita ta rubuta wasiƙar, ni na sa hannu bayan ta fassara mini ita layi-layi. Kuɗin da na biya ya taɓa jari, ba zan ɓoye ba, watannin nan mun ji a jikinmu. Amma adadi ne da na san daga inda ya fito.

A nan na fahimci VAT ba daga aljihuna yake fita ba in ana yin sa daidai. A lokacin kashi 15 cikin 100 ne, ga ƙarin kashi 2.5 na inshorar lafiya, 2.5 na asusun ilimi na GETFund, da kashi 1 na korona. Mai saye ke biya, ni ina karɓa ne in miƙa, kuma VAT ɗin da na biya wurin sari ana cire mini shi, muddin ina da takardar VAT ta gaskiya daga wanda na saya. Saboda haka na bar wasu masu ba ni kaya da ba sa ba da takarda, ko da nasu ya ɗan fi araha. Masara da wake da aka noma a Gana ba a sarrafa ba kuwa ba su da VAT, don haka ta sa aka ware musu shafi dabam.

Sauran ka'idojin a takarda ɗaya ta rubuto mini, na manna a bangon shago. Harajin albashin ma'aikata zuwa 15 ga wata mai bi. Kuɗin fanshon SSNIT zuwa 14 ga wata, ni in sa kashi 13, ma'aikaci kashi 5.5. Bayanin VAT zuwa ranar aiki ta ƙarshe a wata mai bi. Harajin riba sau huɗu a shekara, ƙarshen Maris, Yuni, Satumba da Disamba, sannan cikakken bayanin shekara kafin Afrilu ya ƙare. Wanda ya makara da bayani tarar sidi 500 ce, da sidi 10 a kowace rana bayan nan. Takardu kuma a adana su shekara shida. 'Yan kayaye masu dako a ka da masu aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) da ake sallama nan take, ta ce a sayi ƙaramin littafi a riƙa rubuta abin da aka ba su kullum, don kuɗin dako ma kuɗin da shago ya kashe ne, in ba a rubuta ba sai a lissafa shi cikin riba. Ta kuma cike mini takardar neman rangwamen da doka ta ba mai iyali, mai 'ya'ya a makaranta har uku, da mai riƙon tsofaffi. Shekara da shekaru ina da haƙƙin wannan, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Takardar shaidar biyan haraji ta fito, na kai wa kamfanin tare da sauran, suka sa ni a jerinsu. Biyan farko da suka yi sai na ga kuɗin bai cika ba. Na kira Hajiya raina a ɓace. Ta ce in lissafa, kashi 3 cikin 100 ne? Na duba, haka ne. Ta ce doka ce ta sa su riƙe wannan a kan kayan da aka kawo musu su miƙa wa GRA da sunana, wato a kayan sidi 40,000 za su riƙe 1,200. Ba asara ba ce, amma sai na karɓo takardar shaidar riƙewar kowane biya, ita za ta sa a cire mini daga harajin shekara. Yanzu direbanmu ba ya barin ofishinsu sai ya tambayi takardar.

Na ɗauka da takardu sun fito aikinta ya ƙare. Sai ga dokokin ba sa zama wuri ɗaya. A Afrilun 2025 aka soke harajin tura kuɗi ta waya. Daga Janairun 2026 aka cire kashi 1 na korona, aka ɗaga iyakar rajistar VAT ta masu kaya zuwa sidi 750,000. Kowane canji ita ta kira ni kafin in ji a kasuwa, ta faɗa mini abin da zan gyara a farashi da takardun sayarwa. Yaron maƙwabcin nan shi ke zuwa duk Asabar yana shigar da cinikin mako, ita kuma ta duba a ƙarshen wata, yana samun na kuɗin jarrabawarsa.

Maganar da ke gabanmu yanzu ita ce ko a mayar da shagon kamfani. Kamfani kashi 25 yake biya a kan riba, ni kuwa a matsayin mutum ɗaya harajina hawa-hawa ne, yana iya kaiwa kashi 35 in riba ta yi yawa. Amma kamfani na buƙatar darakta aƙalla biyu, da sakatare, da odita duk shekara, kuma Hajiya ta ce in ita ke riƙe littafin ba ita za ta bincike shi ba, sai an ɗauko wani. Ga shi kuma jarin asali na Baba ne, 'yan'uwana mata da Yaya na Amurka duk suna da haƙƙi a ciki. Ta ce wannan ɓangaren ba nata ba ne, a nemo malamin da ya san rabon gado da lauya, ita za ta kawo adadin abin da shagon ya mallaka. Mun sa zaman bayan Babbar Sallah, lokacin da Yaya zai zo gida.